RUWAN DAM BA RUWAN RAFI BA NE: MAGANA GA MASU FATSA DA DAGATAN KANKIYA DA KUSADA

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zama bakin dam na Kusada ko na Kankiya da la'asar, ka san irin hirar da a ke yi a wurin. Yanzu ba masunta kaɗai ke zuwa ba. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan ofis, da samarin da suka tashi daga gona, ko wane da sandarsa ta fatsa da ɗan gwangwanin tana. Waɗannan ba da kifi su ke ci da iyali ba, sha'awa ce ta kawo su. In an sami tarwaɗa biyu ko uku a kai wa uwargida, madalla. In ba a samu ba, an dai sha iska.

Ran nan na zauna cikin irin wannan hira. Wani malamin makaranta ya kawo shawara, ya ce kifin bakin gaɓa ƙanana ne, a haɗa kuɗi a tafi Zobe ranar hutu, a yi hayar kwalekwale a shiga tsakiya inda manya su ke. Nan da nan mutum tara suka ce suna ciki. Akwai wani tsohon masunci gefe guda yana gyaran komarsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, cikinku mutum nawa suka iya iyo?" Aka duba, biyu ne. Ya ce, "Jirgin fa, mutum nawa ya ke ɗauka?" Ba wanda ya sani. Tsohon bai ƙara cewa kome ba, ya koma kan komarsa. Tambayoyin nan biyu su ne dalilin wannan takarda.

Mu mutanen tudu ne. Rafukan ƙasarmu na yashi ne, su kan kawo ruwa da damina, bayan kwana ɗaya ko biyu su janye, da rani kuwa sai a tona yashi a ɗebi na sha. Ruwan da kakanninmu suka sani ke nan, sai fadama da kududdufin bayan gari. Manyan madatsun ruwa baƙi ne a wurinmu. Dam na Zobe, wanda ke kan kogin Karaɗuwa a ƙasar Dutsinma, a 1983 aka gama shi. Tsawon bangonsa ya kusa kilomita 3, tsayinsa kuwa mita 19, watau ya fi mutum goma in an ɗora su bisa juna. Da yawa cikin masu karanta wannan sun girme shi.

Dubi mutanen Kabi. Su sun gaji ruwa. A Argungu akwai Sarkin Ruwa, kuma ranar bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, ba mai faɗawa kogin Matan Fada sai an ba da izni. Masunci ya kan shiga da homarsa da babbar gora, gorar nan kuwa ba ta zuba kifi kaɗai ba ce, a kanta ya ke kwanciya ta riƙe shi bisa ruwa. Ɗansa tun yana ƙarami ya san inda gurbi ya ke da inda ruwa ke juyawa. Mu kuwa an kawo mana ruwan, ba a kawo mana al'adar zama da shi ba. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ƙi tambaya.

Ga abin da ya faru kusa da mu. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau zai ƙetare dam na Watari zuwa Bagwai, a Jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su wurin Mauludi. Ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. A watan Mayu na 2022, cikin kwanakin ƙaramar salla, wani ya kife a ƙasar Mai'aduwa, a Jiharmu ta Katsina, aƙalla mutum 15 suka rasu, nan ma yara suka fi yawa. Kafin waɗannan, a watan Mayu na 2021, jirgin da ya ɗauki mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara, a Jihar Kebbi, kaɗan suka tsira. Allah ya jiƙansu.

Lura da na Bagwai da na Mai'aduwa. Ba ranakun aiki ba ne, ranakun murna ne. Ranar murna kowa na son shiga, mai jirgi kuwa yana jin nauyin ya ce wa ɗan maƙwabcinsa a'a, ga kuma kuɗi suna shigowa. Tafiyar masu fatsa ma irin wannan ce. Abokai ne, ba mai son a bar shi a gaɓa.

Doka kam akwai ta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda a ke kira NIWA, an kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. A 2023 aka fitar da ƙa'idojin sufurin ruwa. Sun hana ɗaukar mutane ko kaya fiye da kima, sun hana tafiyar dare, sun kuma ce ko wane fasinja ya sa rigar kariya, watau rigar nan mai soso a ciki wadda ba ta barin mutum ya nutse. Doka ce mai kyau. Amma Lakwaja da nisa, ba kuwa za ka ga ma'aikacinta tsaye bakin ko wane ɗan dam ba. Wanda ke kusa da ruwa shi ne dagaci da mai unguwa. Saboda haka, ranku ya daɗe, sauran maganar nan taku ce.

Abu na fari, ku san jiragen da ke ruwanku da masu su. Ku kira su, ku sa a gwada ko wane jirgi a gabanku wurin da ba zurfi. A riƙa sa manya ɗaya bayan ɗaya har ya rage taƙi guda tsakanin ruwa da bakin jirgi. Nan a tsaya. A ja layi da fenti a jikin jirgin daidai inda ruwa ya kai, a rubuta yawan mutanen da manyan lambobi yadda kowa zai gani daga gaɓa. Amfanin layin nan biyu ne. Fasinja ya ga iyaka da idonsa. Mai jirgi kuma ya sami abin fakewa, gama ba shi ne ya hana ba, layin dagaci ne. Na ga mutumin da ba ya iya ce wa surukinsa ya sauka, amma nuna fenti ba ya yi masa wuya.

Kada a ƙidaya kawuna kaɗai. Buhun masara mai kilo 100 ya fi babban mutum nauyi, babur ma haka. Yara kuwa kada a ce ai ba su da nauyi a cusa su. Gaskiya ne ba su da nauyi, amma ba su zama wuri ɗaya. In ɗaya ya ga kifi ya yi tsalle, duka sai su karkata gefe guda, kwalekwale kuwa ba ya jure wannan. Kai ma mai fatsa, in kifi ya ja, kada ka miƙe tsaye. Ka jawo shi a zaune. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, ka yanke zaren. Kuɗin ƙugiya nawa ne?

Abin da ƙugiyar ke maƙalewa a jiki shi ma abin tsoro ne. Kafin a tare ruwan nan, wurin gonaki ne da itatuwa. Kututturansu suna nan a ƙasa. Da bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya, su kan matso kusa da sama, ba ka ganinsu sai jirgi ya hau. Masuntan wurin sun san inda su ke, shi ya sa baƙo ba ya karɓar filafili ya ce zai tuƙa da kansa. Ga kuma laka. Wanda ya saba da rafin yashi ya kan ɗauka ko ina ya taka zai tsaya, alhali kuwa ƙasan dam taɓo ne mai riƙe ƙafa, wani wuri kuma tsohon kwarin rafin ne, taku ɗaya ruwa na gwiwa, na biyu ya shanye kai. A watan Agusta da Satumba, in dam ya cika yana zuba ta mafitarsa, kada jirgi ko mai iyo ya kusanci wajen, ruwan yana ja ko da samansa ya yi lum.

Sai maganar sama. Kai manomi ba sai an koya maka hadari ba. Ka san na farkon damina daga gabas ya ke tasowa, iska da ƙura su riga ruwa isowa. A gona sai ka ruga bukka. A tsakiyar dam ba bukka, iskar nan kuwa ta kan ta da igiyar ruwa ta zubo cikin jirgi tun ɗigon fari bai sauka ba. In gabas ta yi baƙi, a juyo, ko da kifi na ci. Da hunturu kuma hazo ya kan rufe gaɓa, ruwan ya yi sanyi ƙwarai da sassafe, sanyin nan yana saurin gajiyar da ko gwanin iyo. Ni a ganina jirgin 'yan sha'awa ya kamata ya dawo gaɓa tun kafin rana ta yi ja, kada a jira kiran magariba.

Rigar kariya tana da tsada, ba kuwa a ko wace kasuwa a ke samunta ba. Mai jirgin haya wajibi ne ya neme ta, abin sana'arsa ne kamar filafili, ku kuma dagatai ku kai kukan ƙaramar hukuma. Amma kafin ta samu kada a zauna haka. Jarka mai lita 20, in ba kome cikinta, an kuma ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe nauyin kusan kilo 20 bisa ruwa. Mutum a cikin ruwa ba shi da nauyinsa na tudu, wannan ya isa ya riƙe kansa a sama in ya rungume ta. Ita ce gorar Kabawa ta zamaninmu. Ba ta kai riga ba, gama wanda ya suma zai sake ta, amma ta fi babu nesa. Ko wane mutum da tasa a kusa da hannunsa, kada a ɗaure su duka a jikin jirgi. A ajiye ƙwarya ta kwarfe ruwa, da igiya, da doguwar gwangwala. A tuɓe babbar riga da takalmi kafin a shiga, gama babbar riga in ta jiƙe ta kan nannaɗe hannu da ƙafa.

In kuwa abin ya auku, jirgin katako ko ya kife galibi ba ya zuwa ƙasa. A riƙe shi, a yi kururuwa, kada a ce za a yi iyo zuwa gaɓa, ta fi yadda ido ke gani nisa. Kai da ke tudu, kada tausayi ya sa ka faɗa in ba gwani ba ne kai. Wanda ruwa ke ci ba ya cikin hankalinsa, zai shaƙe ka ku tafi tare, sau da yawa gawa biyu a kan fitar maimakon ɗaya. Miƙa masa gwangwala, ko ka jefa masa jarka da igiya.

Sa'ad da aka fito da shi, ku bar al'adar nan ta ɗaga mutum ƙafa sama ko danna masa ciki wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya toshe maƙogwaro. Iska ya ke bukata. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, ana maimaitawa ba fasawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau ya ke, a kai shi asibiti, gama ruwan da ya shiga huhu ya kan ta da ciwo bayan sa'o'i. Yana da kyau dagaci ya roƙi ma'aikacin lafiya daga Babban Asibitin Kankiya ko asibitin da ke kusa ya zo ya nuna wa masu jirgi da samari yadda a ke yi, gani ya fi karatu a wannan.

Tun da muna bakin ruwa, bari in taɓa wata magana a gurguje. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana zuba guba da fasa nakiya da sa lantarki a ruwa. Mai zuba gamalin ko magimfa ya kashe manya da 'ya'ya, ruwan kuwa shi shanunku ke sha, da shi a ke ban ruwan tumatir da albasa. In kun ga kifi birjik sun taso ciki sama, kada a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da hakimi.

Malaman nan fa sun tafi Zobe, amma ba yadda suka shirya da fari ba. Tsohon ya haɗa su da wani masunci da ya sani a can. Suka tambayi labarin hanya kafin su tashi, gama a shekarun nan ba kullum yammacinmu ke da kwanciyar hankali ba, suka kuma gaya wa mai unguwa inda za su da lokacin da za su komo. Aka raba su kashi uku, mutum uku uku, ko wane da jarkarsa, saura suna jira a gaɓa da igiya. Sun sami karfasa da tarwaɗa. Babban kifin da aka je dominsa dai bai ci ba, malamin kuwa har yanzu yana cewa laifin tanar ne.

Dagacin da ke son a zo a gwada jiragen garinsa a ja musu layi, sai ya gaya wa malamin gona na yankinsa tun kafin ruwan fari ya sauka.