Direbobin Malisa, Ku Yi Hattara da Man Jarka

Masu motocin haya da ke jigila tsakanin Malisa, Gwandu, Kalgo, Jega da Birnin Kebbi, da ku masu motocin gida, a saurara: man da Fijo 504 ta sha ta zauna lafiya, motar da ke hannunku yau ba za ta ɗauke shi ba.

Fijo kafireta gare ta. Iskar da inji ke zuƙa ita ke janyo mai, in datti ya shiga bakanike ya kwance, ya wanke, ya busa, a kama hanya. Motocin yanzu injekta ne. Famfo na cikin tanki yana turo mai da ƙarfi, birenbos kuma shi ke yanke yawan da nozil za ta fesa da lokacin fesawa. Su ma injektocin ba ɗaya ba ne. Wasu Golf 3 nozil ɗaya ke ciyar da silinda huɗu. Corolla da Camry da muka saba gani kowace silinda da tata, ƙarfin mai bar 3 zuwa 4, ya ɗara iskar taya. Akwai sababbi masu fesawa kai tsaye cikin silinda, bar 100 zuwa 200. Hilux mai shan gas kuwa takan haura bar 1,500. Iya ƙaruwar ƙarfin, iya ƙanƙantar hujin nozil, har ƙwayar yashin da ido bai gani ta isa ta toshe shi, ko ta cinye bakinsa.

To ga inda muke. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direba ya koma sayen lita biyar, lita goma, yana yawo da allura a ƙasa. Famfon nan man da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tanki ya bushe, ya yi zafi, ya ƙone. Sannan a tsaya wajen ɗan bumburutu. Ba duka ne maha'inta ba, Allah ya sani, amma jarkar da ta kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu ko raɓar damina ba ruwanta da gaskiyar mai ita. In aka yi rashin sa'a da mai surki da kananzir, sai dai haƙuri. Gidan mai ma ba a rufe masa ido: a Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, aka ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja.

Kafin a zuba, a ɗiba a farar gora a bari ya kwanta. Ruwa ƙasa yake komawa. In bayan shan mai mota ta fara jijjiga, ko ta ƙi tashi da safe, ko fitilar inji ta kama, a tsaya. A juye tanki, a sake filta. Ci gaba da tafiya shi ke mai da aikin filta ya zama na famfo da nozil huɗu.

Ku kuma iyayen gidanmu na gareji, don Allah a daina tsokalar nozil da allura, a daina cire filtar da ta toshe a haɗa tiyo kai tsaye. Ko an kashe inji, mai na nan da ƙarfinsa cikin bututu. A cire fiyus ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa kafin a kwance, kuma kada a kunna taba kusa. Mafi haɗari ita ce motar gas: kada yaron gareji ya laluba yoyo da yatsa inji na aiki, domin man na huda fata ya shige nama. Ciwon kan yi kamar sukar ƙaya, amma yana iya cin yatsa. Wanda ya same shi a wuce da shi asibitin Kalgo ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi nan take, a faɗa wa likita man gas ne ya shiga.