Wa Zai Tallafi Mai Jinyar Tsoho Da Kakar Da Ke Riƙon Jikoki?

A wannan mako muna so mu tsaya a kan wasu bayin Allah iri biyu waɗanda ba a cika tunawa da su ba, ko da yake kusan babu unguwar da ba su cikinta. Na farko shi ne mai jinyar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, na biyu kuwa ita ce kakar da riƙon jikoki ya faɗo a kanta bayan ta yi zaton ta gama reno. Kullum malamanmu suna wa'azi a kan biyayya ga iyaye da falalar riƙon maraya, kuma gaskiya suke faɗa. Amma da wuya ka ji an tambayi halin da shi mai ɗauke da kayan yake ciki, ko ya ci abinci, ko ya sami barci, ko akwai wanda zai karɓe shi na yini ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da tsohon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ya san abin da muke nufi. Sai an ɗaga shi, a juya shi daga wannan gefe zuwa wancan dare da rana don kada bayansa ya yi gyambon kwanciya, a ba shi koko da cokali, a yi masa tsarki da alwala ko taimama, a wanke shimfiɗa, a shanya, a sake wankewa. In kuwa gigin tsufa ne ya kama shi, to, abin ya fi haka nauyi, domin zai manta ya ci abinci ya ce ana horonsa da yunwa, ko ya ɓoye kuɗinsa ya ce mai jinyarsa ce ta sace. Abin takaici, a wasu wurare har maita ake jingina wa tsohuwar da ta shiga wannan hali, alhali kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda likitoci suka san shi. Sau da yawa duk wannan aiki mace ɗaya ce ke yinsa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko kuwa matar ɗa. Ta bar ƙullin ƙosai ko ɗinkin da take samun na kashewa da shi, ta bar zuwa biki da gaisuwar mutuwa, sauran 'yan'uwa kuma suna Legas ko Abuja, iyakarsu bugo waya su ce yaya jikin Baba.

To, Shari'a ba ta bar wannan al'amari haka sakaka ba. Suratul Isra'i ta keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, ta hana ko da 'yar kalmar nuna ƙosawa gare su, kuma umurnin yana kan kowane ɗa da kowace 'ya. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, kuma maganar da aka fi rinjayarwa ita ce a raba nauyin gwargwadon wadatar kowannensu. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya ma shigar da ciyar da mai yi wa iyayen hidima cikin wannan wajibi. Watau ɗan da yake nesa, in yana da hali, biyan wanda zai zo ya taya jinya yana cikin abin da ke wuyansa. Ita kuwa matar ɗa, Shari'a ba ta ɗora mata hidimar surukanta ba. In ta yi, alheri ta yi, ta cancanci godiya da sakayya, kuma miji ba shi da ikon mai da ita baiwar gidan ubansa sa'an nan ya riƙa tinƙaho a majalisa cewa shi mai biyayya ne.

Akwai abin lura a tarihin yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira. Sayyadina Usmanu ɗan Affan bai halarci yaƙin ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya. Da aka dawo sai aka ba shi kasonsa na ganima kamar wanda ya halarta, aka kuma yi masa albishir da ladan mahalarta. Ga namiji yana jinya, ga kuma jama'a ta ba shi rabo daga dukiyarta saboda jinyar. Haka nan malaman fiƙihu sun lissafa jinyar marar lafiyan da ba shi da mai kula da shi cikin uzurorin da ke halatta wa mutum barin sallar Juma'a.

Mu koma ga kaka. A al'adarmu tsakanin kaka da jika wasa ne, ta ce da namijin mijinta, ta ce da macen kishiyarta, su ci goronta su gudu. Yau kakanni da yawa sun daina wannan wasa, sun koma uwa da uba gaba ɗaya. Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, dubban yara a Borno da Yobe da Adamawa suka rasa iyayensu, sa'an nan ga ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ban da waɗannan, akwai uwar da ta rasu wajen haihuwa, da wadda aka saka ta sake aure sabon miji ya ce ba ya riƙon agola, da uban da ya tafi cin rani shiru kake ji. Ƙarshen zancen dai, yaran a ɗakin tsohuwa suke kwana. Riƙon kakanni kuwa yana da asali mai daraja, domin shi kansa Manzon Allah, bayan rasuwar mahaifiyarsa Aminatu yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalibi ne ya riƙe shi har shekara 2, kafin riƙon ya koma hannun baffansa Abu Ɗalibi.

Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa in uwa ta rasu ko ta yi aure, haƙƙin reno yana komawa ga kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Amma a lura, haƙƙin reno daban, nauyin ciyarwa daban. In uba yana raye, abincin yaran da tufafinsu suna kansa ko da suna hannun tsohuwar surukarsa, kuma alƙali yana da ikon tilasta shi. In kuwa ya rasu, sai a ciyar da su daga abin da suka gada. To, in bai bar kome ba fa? A nan ne Malikiyya ta taƙaita, domin a wurinta ciyarwar dole tana tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu ne kawai, ba ta hawa kan kaka ko baffa, saɓanin Hanafiyya da Hambaliyya waɗanda suka faɗaɗa ta zuwa sauran dangi. Ma'anar wannan ita ce nauyin ya koma kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Saboda haka tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar gida don ta ciyar da marayu huɗu, aikin dukkanmu take yi mana.

Wannan taƙaitawa ta buɗe wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ya halatta mutum ya ba kakanninsa ko jikokinsa matalauta zakkarsa, tun da ciyar da su bai wajaba a kansa ba, alhali kuwa ba ya halatta ya ba uwarsa ko ubansa. Wanda yake da irin wannan a danginsa, ya zauna da malaminsa kafin ya fitar da zakkar bana.

Sai batun gado, wanda ya sha raba zumunci. In mutum ya rasu ya bar ubansa da rai, daga baya uban ya rasu, to, 'ya'yan mamacin farko ba su gadon kakansu muddin yana da ɗa namiji a raye, baffanninsu sun katange su. Sau nawa muka ga an raba gida, an bar marayu da kakarsu suna neman wurin kwana? Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 wadda ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wasiyya daga dukiyar kakan, matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Mu a nan ƙofar wasiyya a buɗe take ga kowa, domin jikan da aka katange ba magaji ba ne, saboda haka kaka yana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiyarsa, ko ya yi masa kyauta ya damƙa masa tun yana da lafiya. Abin da ake bukata kawai a rubuta, a kafa shaidu adilai, kada a bar shi a fatar baki.

Wasu ƙasashe sun mai da tallafa wa waɗannan mutane aikin hukuma. A Amurka, a shekarar 2000, aka ƙara wani sashe a dokar tsofaffi ta 1965, wanda ya sa gwamnatin tarayya take ba jihohi kuɗi domin masu jinyar danginsu. Ana koya musu dabarun jinya, ana haɗa su da 'yan'uwansu masu irin wannan ɗawainiya su tattauna, sa'an nan, abin da ya fi burge ni, ana aiko wanda zai zauna da tsohon na wasu sa'o'i ko kwanaki don mai jinya ya huta. Kakanni masu shekara 55 zuwa sama da ke riƙon yara su ma suna cikin shirin. A Afirka ta Kudu, inda cutar ƙanjamau ta bar marayu masu yawa a hannun kakanni, gwamnati tana biyan tsofaffi matalauta kuɗi kowane wata, kuma tun 1998 take biyan tallafin yaro ga wanda yake riƙe da shi, ko uwa ce ko kaka. Wata masaniyar tattalin arziki, Esther Duflo, ta bincika wannan fansho na tsofaffi, ta tarar cewa in kuɗin ya shiga hannun kaka mace, jikokinta mata sukan ƙara nauyi da tsawo, amma ba ta ga irin wannan ba in ya shiga hannun namiji. Dattawanmu maza sai su yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.

A Nijeriya, fansho na ma'aikata ne, manomi da ɗan tireda da mai saƙa kuwa 'ya'yansu ne fanshonsu. Jihar Ekiti ta taɓa fara biyan tsofaffi Naira 5,000 a wata a 2011. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Sai dai tsakanin ofis a Abuja da ɗakin tsohuwa a ƙauye akwai tafiya. Abin da ya fi kusa da mu shi ne hukumomin zakka da waƙafi da jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suka kafa bayan faɗaɗa aiki da Shari'a, da kuma kwamitocin masallatanmu. Matsalar ita ce rabon zakka yakan tarar da wanda ya iya zuwa ya shiga layi, ita kuwa mai jinya ba ta iya barin marar lafiya ko na sa'a ɗaya, kaka kuma kunya da ciwon gwiwa sun hana ta fita. Sai an bi su har gida. Liman da mai unguwa sun san kowane gida da ake jinya da kowane ɗakin da marayu ke kwana, suna iya rubuta su a littafi guda, a ware musu kaso na wata wata maimakon buhun Sallah sau ɗaya a shekara. Matan makarantun Islamiyya kuma, waɗanda dama suna zuwa dubiya ƙungiya ƙungiya, da za su mai da dubiyar ta zama karɓa-karɓa, biyu su zauna da tsohuwa daga hantsi zuwa la'asar ranar Alhamis, da mai jinyar ta sami damar yin kitso, ta je asibiti a duba nata hawan jinin, ta kuma leƙa ɗakin 'yarta da ta haihu tun watan jiya ba ta je barka ba.