Digiri Daga Gidan Yari: Da Gaske Ne?



Yau zan taɓo batun da mu a nan Shanga ba mu cika son yi a fili ba: ɗan'uwan da aka ɗaure. Mukan kai masa gari da sabulu idan an je ziyara, amma wa ya taɓa tambaya ko zai iya karatu a can ciki?

To, yana yiwuwa, har digiri ma. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen yari kamar Kirikiri a Legas, da Kuje a Abuja, da Kaduna. Da farko rabin kuɗin makaranta ake yafe wa fursuna. A 2016, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yake shugabantar jami'ar, aka yafe shi gaba ɗaya. A 2018 UNESCO ta ba shirin lambar yabo. Sannan a 2019 doka ta sauya sunan hukumar zuwa ta gidajen gyaran hali.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. NOUN ba ta ɗaukar mutum sai da kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da Lissafi. Yaranmu da yawa na bakin ruwa, daga Shanga zuwa Ngaski, tun suna ƙanana suka bar aji suka kama su ko noman albasa. Ka ga wannan kyautar ba za ta kai gare su kai tsaye ba. Ga kuma nisa, don ba kowane gidan yari ke da cibiyar ba. Sannan mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba su ma san yaushe za su fita ba, balle su tsara karatun shekara huɗu.

Ni a ganina, matakin farko a hannun dangi yake. Fursunoni na rubuta NECO da WAEC daga ciki. In naka yana tsare a Yelwa ko Birnin Kebbi, ka nemi jami'in kula da walwala, ka tambaye shi batun rajistar jarrabawa da kuɗinta. In kuwa ya riga ya gama sakandare, ka kai masa kwafin sakamakonsa, ka ji ko akwai hanyar mayar da shi gidan da ke da cibiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.