Ranar da Dare da Rana Suke Daidaita: Bikin Nauruz da Matsalar Fassara

Kowace shekara, ranar 20 ko 21 ga watan Maris, rana takan tsaya daidai bisa layin nan da ya raba duniya gida biyu, wato Ikwaita. A wannan rana tsawon dare da na yini kusan ɗaya ne a ko'ina. Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5 yayin da take kewaya rana, don haka wata shida arewacinta ne ke fuskantar rana sosai, wata shida kuma kudancinta. Daidaiton yakan sake faruwa ranar 22 ko 23 ga Satumba.

Mu a Nijeriya abin ba ya ɗaukar hankalinmu. A Legas, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya ba. Amma a Landan yinin Disamba kusan awa 8 ne kawai, na Yuni kuwa ya haura 16. Wanda ya sha duhu da ƙanƙara wata uku, dole ya yi murna idan ya ga itatuwa sun fara tofo.

Babu inda aka ɗauki wannan rana da girma kamar Iran da maƙwabtanta. Ita ce farkon shekararsu, suna kiranta Nauruz, ma'ana "sabuwar rana" da Farisanci. Kafin ta zo akan share gida ƙal, a wanke komai. A daren Larabar ƙarshe ta shekara akan hura wuta a tsallake ta, wai ta ɗauke wa mutum cuta ta ba shi lafiya. Sannan a shimfiɗa abubuwa bakwai waɗanda sunayensu suka fara da harafin sinun, ciki har da tuffa (sib) da tafarnuwa (sir) da tsiron alkama (sabze) da aka jiƙa a faranti tun makonni kafin bikin. Wannan tsiro ya fi burge ni. Ran sha uku ga wata iyali sukan fita daji yawon shan iska, su jefa shi cikin ruwa mai gudu, ya tafi da masifun bara.

Labaran gargajiya ma ba su bar ranar ba. Littafin Shahnama na Firdausi, wanda aka kammala a 1010, ya danganta farkon bikin da Sarki Jamshid. Kurdawa kuwa suna da labarin Kawa maƙeri, wanda ya kashe azzalumin sarki ya kunna wuta a kan dutse don sanar da jama'a. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya.

To, a nan ne ɗalibin fassara zai gamu da cikas. Me za mu kira lokacin da wannan rana take buɗewa? Da yawa sukan rubuta "bazara". Ta fuskar kalanda sun yi daidai, tunda bazarar Bahaushe tana kamawa ne wajen Maris zuwa Mayu. Ta fuskar ma'ana fa? Bazara zafi ce da gumi da ƙafewar rijiyoyi, manomi yana sharar gona yana duban gabas. Sabuntawar da Bafarishe yake wa biki, Bahaushe sai ruwan shuka ya sauka yake ganinta. Ga kuma masu labarin wasanni da ke amfani da "bazara" ɗin nan don lokacin zafin Turai na Yuni zuwa Agusta, kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu.

A ganina, inda ake nufin wata, a bar bazara. Inda ake nufin farfaɗowa, gara a ce "lokacin tofon itatuwa" ko "bayan hunturu". 'Yan jarida sun nuna hanya a 2011: boren ƙasashen Larabawa, wanda Turawa suka raɗa wa sunan wannan lokaci, da Hausa "guguwar sauyi" aka riƙa ce masa.