Idan unguwa ta yi kyau, ina ƴan haya za su nufa?

Duk wanda ya daɗe bai shiga Yamai ba, in ya zo yau zai ga sauyi. Tun da aka ƙaddamar da shirin Niamey Nyala a 2011, an shimfiɗa kwalta, an gina gadojin sama. Gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 kuma, manyan otal irin su Radisson Blu da Noom suka tashi a tsakiyar birni. Sai dai gyaran yana da kuɗinsa, kuma sau da yawa ɗan haya ne ke biya.

Ga yadda abin ke tafiya. Da zarar kwalta da ruwan pampo da wuta sun wadata a unguwa, sai kuɗin fili ya hau. A tsofaffin unguwanni kamar Yantala, Gamkalle da Bukoki, gidan laka guda kan ɗauki iyalai da dama, kowa da ɗakinsa. In mai gidan ya rasu, magada kan sayar domin raba gado. Mai saye ya rushe, ya ɗora bene ko shaguna. Maƙwabta ma su ga haka, su ƙara kuɗin haya.

Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, wato jika 42 a wata, ba zai iya wannan tsere ba. Dole ya kwashe iyali zuwa bakin gari, inda haya ke da sauƙi. Amma abin da ya rage a haya, kuɗin faba-faba da na ƴan garuwa ke cinye shi. Yara su canza lakwal, mai tuyar ƙosai ta rasa masu sayenta, makaniki ya yi nesa da garejinsa. Haka kuma a bar maƙwabtan da ake biki da zaman makoki tare, waɗanda ke ba da rance ranar da babu.

Babu mai ƙin a gyara birni. Tambayar ita ce: wa ake gyara wa? Muddin hukumomi ba su tanadi gidaje masu rahusa kusa da wuraren aiki ba, talaka zai ci gaba da ja da baya. Maraɗi, Damagaram da Tawa, da su ma ke faɗaɗa, suna da damar yin wannan tanadi tun kafin filaye su gagari talaka.