Kwale-kwale da hasken rana: zai yiwu a Rima?

Ranar wata Juma'a a gidanmu da ke Gidan Igwai, kawuna mai fiton mutane a kogin Rima ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun lantarki, wannan sola da ke kunna muku fanka ba za ta tura jirgina ba?" Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ke cinye ribarsa. Na yi shiru don ban da amsa, amma daga baya na zauna na yi lissafi.

Masu jiragen shaƙatawa na teku, waɗanda iska ke turawa, sun riga mu wannan tunani. Da injin dizal suke cajin batir. Yanzu wasunsu sun koma ga hanyoyi uku: farantin sola, ƙaramin injin iska, da farfela da ruwa ke juyawa idan jirgi na tafiya, ta samar da wuta. Jirgin PlanetSolar ya zagaya duniya da hasken rana zalla daga 2010 zuwa 2012. A jihar Kerala ta Indiya kuma, jirgin fito mai suna Aditya yana ɗaukar fasinja 75 da sola tun 2017.

To mu fa? Ga lissafin. Injin lantarki mai wat 1,000 da ya yi aiki awa biyu ya sha wat-awa 2,000. Faranti mai wat 400, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda 2,000 ɗin zai bayar. Amma zafin Sakkwato na rage ƙarfin faranti, ƙurar hunturu na rufe fuskarsa, waya da batir ma suna cin nasu rabon. Don haka faranti biyu ya kamata, ba ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gudu. Idan ka ninka gudun jirgi sau biyu, ƙarfin da yake buƙata kan kai kusan ninki takwas, saboda ruwa na ƙara turjiya. Shi ya sa sola ta dace da fito daga gaɓa zuwa gaɓa a hankali, amma ba da tsere da kaya niƙi-niƙi ranar kasuwa ba. Batir kuma nauyi gare shi, kuma dole a killace shi kada ruwa ya taɓa shi.

Na faɗa wa kawu gaskiya: zai yiwu, amma kuɗin farko ne matsalar, domin batir tsada gare shi.

'Yan uwana masu neman aikin kammala karatu, mun gaji da ƙera inbata iri ɗaya kowace shekara. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan cikin garinmu, kogi ma ga shi kusa. Wa zai fara auna wat nawa kwale-kwale mai mutum goma yake buƙata kafin ya ƙetare Rima? Kawu na jiran amsa.