In Aka Kori Malamin Daji, Wa Zai Gaji Dajin?

Kwanakin baya na shiga motar haya daga Bauchi zuwa Gombe. Muna wuce Dindima, inda hanyar Yankari ta ratse, sai wani bawan Allah a kujerar baya ya kunna saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Mai maganar yana ba da labarin kwanton ɓauna da aka yi wa wasu ma'aikatan gandun daji a wani wuri da bai ambata ba, yana yi yana dariya, ya rufe da cewa maganinsu ke nan, tunda sun fi son biri a kan ɗan Adam. Rabin motar ta ɗauki shewa. Wani dattijo ya ce, "Yo daji ai na Allah ne, wa ya ba gwamnati?" Na ja bakina na tsuke, domin gardamar mota ba ta da alƙali. Amma na gaji da jin wannan magana, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Wanda ake yi wa dariyar shi ne wanda iyayenmu suke kira malamin daji. A Najeriya akwai na jiha, kamar na Yankari da ta koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006, akwai kuma na tarayya a manyan gandaye irin su Kainji, Kamuku da Gashaka-Gumti, waɗanda dokar soja mai lamba 46 ta 1999 ta tsara hukumarsu. Yana sa kaki, yana sintiri, doka ta ba shi ikon kama wanda ya yi farauta, ko kiwo, ko sare itace a cikin gandu, ya miƙa shi kotu. Wannan kowa ya sani.

Abin da mutane suka ƙi ganewa shi ne, a galibin dazuzzukanmu malamin daji ne mutumin hukuma na ƙarshe. Daga shi sai kurmi. Babu caji ofis a tsakiyar Gashaka-Gumti, dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu barikin soja a kowace ƙorama. Mutumin nan da ke tafe a ƙasa kwana da kwanaki, da gora da garin rogo a jaka, shi ne ke fara ganin sawun babur inda bai kamata a ga babur ba, shi ke fara ganin tokar sansanin baƙi. To in aka kashe shi, ko aka tsorata shi ya daina shiga, kuna zaton giwa da gwanki ne za su gaji wurin?

Mu tambayi mutanen Borno. Sambisa gandun namun daji ce tun zamanin Turawa, mutane na zuwa kallon dabbobi da tsuntsaye. Aka yi sakaci da ita, ma'aikata suka ragu, hanyoyin sintiri suka toshe, ga abin da ta zama: sunan da uwa ke ji gabanta ya faɗi. Mu tambayi mutanen Birnin Gwari halin da Kamuku ta shiga, da yadda hanyar Kaduna ta koma abin a yi sallama da iyali kafin a hau. Ɗan bindiga ba ya kafa sansani inda ake leƙawa kullum. Yana neman dajin da aka bari ne, kuma ranar da ya samu, ba ya tambayar ko kai manomi ne, ko makiyayi, ko maharbi. Shanun da ake kukan malamin daji ya kama aka biya tara aka karɓo, shi ɗan bindiga kora su yake yi gaba ɗaya, wani lokaci har da mai su.

Akwai labarin da nake so duk wanda ya yi shewa a motar nan ya ji. A gandun Zakuma na ƙasar Cadi, giwaye sun haura 4,000 a farkon shekarun 2000. Mahaya dawakai masu neman haure, da yawansu daga wajen Sudan, suka yi ta karkashe su har suka dawo wajen 450 a 2010. A watan Satumban 2012, wasu ma'aikatan gandun su shida suna sansani a wani tudu da ake kira Heban. Da asuba suka fito sallah, mafarautan da aka tarwatsa wa sansani makonni kaɗan kafin nan suka buɗe musu wuta. Biyar suka rasu nan take, na shidan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Musulmi ne, masu mata da 'ya'ya, a kan sallaya aka same su. Waɗannan ne ake cewa maganinsu ke nan? Subhanallahi! Kuma abin lura, masu kula da gandun sun rarraba oba-oba a ƙauyukan kewaye, domin mahayan da ke kashe giwa su ne kuma suke addabar ƙauyawa. Da ƙauye ya ga baƙin mahaya sai ya sanar, ma'aikata su fito. Giwaye suka soma haihuwa, adadinsu ya sake hawa sama da 500, mutane ma suka samu barci.

A Kwango kuwa, gandun Birunga da aka kafa a 1925 ya binne ma'aikata fiye da 200, har shugaban gandun kansa an harbe shi a hanya a 2014, Allah ya yi da sauran kwanansa. A Nijar ba a manta da 9 ga Agustan 2020 ba, ranar da aka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu a Kure, wurin raƙuman dawa. Ɗan jagoran ɗan ƙasa ne, kuma da baƙi suka ɗauke ƙafa, cinikin mutanen yankin ne ya mutu.

Ban ce malaman daji mala'iku ba ne. Akwai mai karɓar na goro ya kau da kai a loda gawayi ko madobiya, akwai mai marin yaro makiyayi don ya ga ba shi da gata. Manomin da giwayen Yankari suka tattake masa dawa a dare ɗaya yana da gaskiyar jin haushi, haka ma Bafulatanin da aka cinye masa burtali da gonaki har ya rasa inda zai bi sai gandu. Amma ƙorafi yana da ƙofa: akwai mai gari, akwai hakimi, akwai shugaban gandu, akwai kotu. Ita kuwa maganar dattijo cewa daji na Allah ne, gaskiya ya faɗa, sai dai kasuwa ma ta Allah ce, amma ba mu ga an kori sarkin kasuwa ba. Tun kafin Bature, maharbi ba ya shiga daji yadda ya ga dama. Akwai sarkin baka, akwai lokacin farauta, akwai dabbar da ba a taɓawa in tana da ciki.

Sauran abubuwan da ke jefa ma'aikatan cikin haɗari, wato ƙarancin albashi, tsofaffin bindigogi, rashin mota da rashin inshora, wannan tsakaninsu ne da gwamnati, kuma ta sani.

Namu shi ne abin da ke hannunmu, kuma na farkonsa baki ne. Don Allah a daina ba da labarin zirga-zirgarsu. Mai shayi, ɗan acaɓa, mai sayar da fetur a galan, in wani baƙo ya tambaye ka su nawa suka shiga, ta wace hanya, yaushe za su fito, ka ce ba ka sani ba. Tambayar nan ba ta son sani ba ce. Matasa masu ɗaukar hoton motar sintiri su ɗora a Facebook har da sunan gari, ku sani ba abokanku kaɗai ke kallo ba. In kuma ka ga baƙin fuska da makamai, ko ana sayen burodi da magani da yawan da ya wuce na ƙauye, ka sanar da mai gari ko ma'aikatan a asirce, kada ka tsaya shela a majalisa.

In kuka yi kiciɓis da malaman daji a cikin daji, ka tsaya cak, ka ajiye adda ko sanda ko bindigar toka a ƙasa, hannunka a fili, ka yi sallama. Kada ka ruga. Mutumin da aka kashe wa abokan aiki, yana tafe cikin ciyawar da ta fi shi tsawo, ba shi da lokacin tantance ko kai mai neman zuma ne. In an kama maka dabbobi kada ka tara gayya. Ka nemi takardar shaida, ka riƙe sunan wanda ya kama, ka tafi da ardo ko mai unguwa ofis. Kuɗin da aka karɓa a gindin bishiya ba tare da rasit ba, ka kai ƙararsa.

Masu zuwa yawon buɗe ido, musamman malaman da ke kai ɗalibai, ku ma da ku nake. In ɗan jagora ya ce kada a sauka daga mota, to kada a sauka, ko da hoton zai fi kyau. Giwa mai ɗa ba ta san wasa ba, dorina kuma kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwa. Duk wanda ya yi ganganci, ma'aikacin ne zai sa ransa ya je ceto. A maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari ruwan garau yake har ana ganin ƙasa, shi ya sa yara ke raina zurfinsa. A ƙirga su kafin shiga, a ƙirga bayan fita, babba ɗaya ya tsaya a baki bai shiga ba. Birai na fizge abinci a hannu, a bar musu, kada a yi kokawa. Kafin a kutsa daji a faɗa a ƙofa inda za a da lokacin dawowa, domin waya ba ta kamawa a wurare da yawa. In mota ta lalace a zauna wajenta. Mota ake fara gani kafin mutum.

Wuta kuwa, masu cinna ta da rani don korar gafiya ko neman sabuwar ciyawa, su tuna akwai mutanen da za su fito kashe ta da ganye a hannu. In ta ritsa da kai kada ka gudu gabanta ta inda iska ke kaɗawa, kada ka hau tudu, don wuta ta fi sauri a hawa. Ka nemi fili, ko ruwa, ko inda ta riga ta cinye. Saran maciji, wanda yake samun ma'aikaci da manomi ba bambanci, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka, a nufi asibiti mai allurar dafi. Kububuwa ta fi yaudara, don mutum zai ce ya ji sauƙi, sai daga baya jini ya ƙi tsayawa. Mutanen yankin Gombe da Bauchi sun san asibitin Kaltungo. A riƙe lambar mai mota ko mai babur da zai iya tashi ko da tsakar dare.